Yadda Don Evaristo Ya Cire wa Tula Tsoron Bindiga

Shekarar ta ɓace mini. Wani lokaci sai in ga kamar shekarar da kogin Paraná ya cika ya kwashe gadar katako ce, wani lokaci kuma in ga kamar wadda ta biyo bayanta. Amma sunan karyar yana nan, Tula, mai ita kuma Don Evaristo Unrein, mai gyaran famfon iska na ƙauyenmu. Ni na koyar da shi a aji uku. Tun a lokacin, in ka tambayi yara wa ya taɓa ganin teku, hannunsa ne ke fara tashi, alhali iyakar tafiyarsa kasuwar shanu.

A wajenmu duk mai son karen farauta na kirki, irin na Jamus ɗin nan masu gemu da gashi kamar waya, wurin Doña Ottilia Gassmann yake zuwa. Dattijuwa ce gajera, mijinta ya daɗe da rasuwa ya bar mata karnuka da gona. Ba ta ba da kwikwiyo sai da sharaɗi: kafin ya girma ya wuce ƙa'ida, dole ka kai shi gwajin ƙungiyar mafarauta. Gwajin ba na horo ba ne, abin da aka haifi kare da shi ake dubawa. Ko yana da hanci. Ko in ya ji warin makwarwa zai ƙame wuri ɗaya ya nuna ta. Ko yana son ruwa, ko yana aiki tare da mai shi, ko ƙarar bindiga na firgita shi. In kare ya faɗi saboda jininsa, Doña Ottilia ta ɗauki laifin. In ya faɗi saboda mai shi, sai ta zo da igiyarta ta tafi da abinta. Ta yi wa likitan dabbobi haka. Ta yi wa ƙanin mijinta.

Ni na raka Evaristo da matarsa Doña Pola ranar karɓar kwikwiyar.

"Evaristo, ka ji ni da kyau," in ji Doña Ottilia tana miƙa masa ita. "Kada ka koya mata komai. Ka ba ta abinci, ka riƙa fita da ita daji. Sauran yana cikinta."

"Doña, ai hannun masu abin ta faɗo. Karnuka goma sha ɗaya suka bi ta hannuna."

"Ɗaya ne," in ji Doña Pola. "Shi ma ya bi motar madara bai dawo ba."

"To wa ya koya masa gudun?"

Gaskiya ɗaya zan faɗa masa, yana son karyar nan. 'Ya'yansa duk sun koma birnin Rosario, gidan ya yi shiru, sai ga Tula. Kullum tana zaune kusa da shi a gaban a-kori-kurarsa, shi yana magana ita tana kallon hanya. In ya hau famfo gyara, tana ƙasa ta ɗaga gemu tana jiransa. Da a nan ya tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Wata rana da yamma muna zaune a ƙofar kanti ƙwaryar mate, shayin ganyen da muke sha, tana zagayawa, wani tsohon mafarauci ya ce duk karen da ya ji bindiga ya ruga, alƙalai a take suke sallamarsa, ba sa ma duba sauran. Ya ƙara da cewa mahaifinsa yakan ɗan ƙwanƙwasa murfin tukunya daga nesa yayin da kwikwiyo ke cin abinci, sau biyu ko uku a mako, don ya saba da ƙara. Na ga idon Evaristo ya kawo haske. Na san hasken nan tun daga aji uku.

"Sau biyu a mako," ya ce. "Shi ya sa karnukan mutane ba sa kai wa ko'ina. Maestro, ka zo gidana gobe ka ga ilimi."

Maestro, wato malam, suke kirana duka, har waɗanda ban koyar ba.

Da na je, na tarar ya rubuta matakai shida da alli a jikin bangon rumfarsa: murfi, daro, ganga, ƙarfen garma, nakiyar biki mai fashewa, bindiga. Kowane mataki wata guda. Kuma ba daga nesa ba, ba kuma sau biyu a mako ba. Kowane abinci, safe, rana da yamma, sai an yi ƙara kafin kwano ya taɓa ƙasa.

Ya ɗauko murfin babbar tukunyar Doña Pola da ludayin ƙarfe ya rafka. Tula ta yi tsalle, ta kalle shi, ta ga kwano, ta sa kai.

"Ka gani? Ko gezau."

Doña Pola ta fito daga madafa hannunta duk gari. "Murfin nan uwata ta bar mini."

"Pola, murfin nan zai shiga tarihi."

"Ya riga ya shiga. Ga shi nan ya lotsa."

Watan daro ya wuce lafiya, in ban da daron. A watan ganga ne Rosendo maƙeri, maƙwabcinsa kuma uban baftisman ɗansa, abin da ya sa suke kiran juna compadre, ya fara leƙowa ta kan shinge, domin abincin ranar Tula ya yi daidai da lokacin da duk ƙauyen ke barcin rana.

"Compadre, yaƙi aka fara ban sani ba?"

"Tula ce za ta ci abinci."

"To a riƙa sanar da mu mu shiga rami. Ni da nake dukan ƙarfe tun ina yaro, ban taɓa tashin gari daga barci ba."

"Kai ƙarfe kake duka. Ni zuciya nake ƙerawa."

"Tawa dai ta kusa tsayawa."

A watan ƙarfen garma kajin layin suka daina ƙwai. Ya rataye faifan garma a reshen bishiya yana dukansa da guduma, har gilasan tagogi na rawa. Mata uku suka je wurin Doña Pola da kwanduna babu komai a ciki suka ajiye mata a kan tebur, suka juya suka tafi. A watan nakiya gemun Evaristo ya babbake ta gefe ɗaya, ya ce da ma yana da niyyar rage shi.

Sai watan bindiga. Ya gayyace mu, ni da Rosendo, mu zama shaidu. Ya tsaya a tsakar gida, kwano a hannun hagu, bindiga mai baki biyu a hannun dama, yana yi mana bayanin yadda Jamusawan asali za su aiko a tambaye shi sirrin. Bai dubi sama ba ya ɗaga ta ya danna. Ƙarar ta tashi, Tula ta zo da gudu tana kaɗa jela, sannan muka ji ruwa na zuba. Tankin famfon iskansa ne, na kansa, ya zama rariya. Ruwan ya sauko daidai kan shanyar Doña Pola.

Rosendo ya cire hula ya riƙe a ƙirji. "Ka san wani mai gyaran famfo, compadre?"

"Ka dubi karyar, ba tankin ba. Ta ji tsoro?"

Ba ta ji ba kam. Wannan sashen na shirin ya yi nasara fiye da yadda ake so.

Ban tuna wanda ya fara lura ba, ina jin Rosendo ne. Wata safiya ya ɗora ƙarfe a kan uwar maƙera ya kai masa guduma, ya juya sai ga Tula zaune a bakin ƙofa, ta tattara ƙafafu, miyau na zuba ta gemu. Ya jefa mata ɓawon burodi. Ya sake duka, ta sake zama. Kafin azahar ta cinye masa abincin rana. Washegari motar madara ta yi tari a gaban kanti, kafin hayaƙin ya baje Tula na zaune a gaban direba. Ya yanko mata cuku. Iska ta buga ƙofar coci, Fada ya fito ya same ta a kan matakala tana jiran haƙƙinta. Daga nan abin ya zama wasan gari. Mata in suna son su ga Tula sai su yar da kasko. Akwai dattijon da ke zaune shi kaɗai a ƙarshen layi, kullum da la'asar sai ya buga bokiti don ya sami wanda zai ci abinci tare da shi.

Cikin wata biyu Tula ta yi faɗi. In ta zauna a gaban a-kori-kura sai Evaristo ya matsa jikin ƙofa.

Ranar bikin San Miguel, waliyyin ƙauyenmu, tun da hantsi ake harba nakiya sama, kowane layi da mai harbawarsa. Tula ta yi aiki ran nan kamar ma'aikaciyar gidan waya. Ta je layin coci ta karɓi nama, ta ji ta layin makaranta ta je ta karɓi kek, ta dawo. Da aka fito da jerin gwano, tana gaba, tana bin mai nakiya ƙafa da ƙafa. A nan Doña Ottilia ta gan ta. Ta durƙusa a tsakiyar titi da kayan bikinta, ta shafa gefen karyar da hannu biyu, ta daɗe tana lalube.

"Evaristo, ina haƙarƙarinta?"

"Suna ciki, Doña. Tsoka ce ta rufe su."

"Karya na ba ka, ka mayar mini da ita ganga. Me ka koya mata?"

"Ni? Komai. Ɗan sabo ne kawai da ƙara."

Aka harba wata nakiya a bayan coci. Tula ta zame daga hannun Doña Ottilia ta nufi can tana rangaji. Dattijuwar ta bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa.

"Mako uku ya rage a yi gwaji," ta ce. "Igiyata tana nan inda na rataye ta."

Da yammar nan na ga Evaristo bai ci komai ba a wurin biki. Amma da gari ya waye ya zo mini da sabon shiri, fuska a sake. Tunda ƙara ce ke kawo abinci, in ji shi, sai a hana ƙara. Ya bi gida gida yana roƙon mutane su yi mako uku ba su yar da komai ba. Ya sa wa ƙofar coci tsumma. Ya roƙi direban madara ya kashe mota tun daga gada a turo ta. Ya je maƙera da safar ulu ya ce Rosendo ya sa wa gudumarsa.

"Doki zan yi wa takalmi da guduma mai safa?"

"Mako uku ne kacal, compadre."

"In gaya wa dokin ya jira, ko shi ma in sa masa safa?"

Sannan ya shiga rage mata ƙiba. Ya ɗaura igiyarta a jikin kekensa, kullum da safe su tafi hanyar gada, shi yana tuƙi ita tana gudu a gefe. Kwana huɗu abin na tafiya. A na biyar, yana gangara da gudu yana ɗaga wa masu nonon shanu hannu, tayar baya ta fashe. Tula ta ji ƙara ta zauna daram a tsakiyar hanya. Igiya ta miƙe, keke ya tsaya, Evaristo bai tsaya ba. Da masu nonon suka ciro shi daga kwata, Tula na zaune a bakin ramin tana kallon aljihunsa.

"Kun ga biyayya?" ya ce musu, laka na zuba daga kunnensa. "Ko umarni ban ba ta ba."

Ana gobe gwaji ya fito da dabararsa ta ƙarshe. Ya ce ya gano cewa kare mai yunwa hancinsa ya ninka na ƙoshasshe sau uku, don haka Tula ba za ta ci komai ba daga safiyar nan har a gama. Na ce masa, a hankali, ni a ganina karyar da ke jin bindiga ta tuna da abinci ba ita ce ya kamata a kai gaban bindiga da yunwa ba.

"Maestro, kai ka san littafi. Ni na san kare."

Doña Pola ta so ta faki ido ta ba ta ɗan abu, ya kulle madafa ya sa mabuɗin a aljihu. Su ma ba su ci ba ran nan.

An yi gwajin a wata babbar gonar kiwo, kilomita goma sha ɗaya daga ƙauye. Fili biyu ne manya da tafki a tsakaninsu, aka raba karnuka rukuni biyu, kowane rukuni da alƙalansa da mai harbinsa. A can gefe ƙarƙashin rumfa an tsire haƙarƙarin bijimi a jikin ƙarfe kewaye da garwashi, domin abincin rana. Rabin ƙauyenmu ya zo, wai kallon karnuka. Babban alƙalin rukuninmu Don Aquilino ne daga birni, dogo siriri, ba ya dariya. Sauran biyun, ɗaya na da hular ulu, ɗayan kuma gashin bakinsa nake tunawa, sunansa ya tafi.

Da aka kira Tula, Don Aquilino ya dube ta ta gaba, ya zagaya ya dube ta ta baya.

"Ciki gare ta?"

"Ƙarfi ne, señor," in ji Evaristo.

Aka sake ta. Wallahi abin da na gani ya sa na manta da sanyin da ke damun gwiwata. Duk da ƙibar nan ta shiga ciyawa tana yanka iska dama da hagu, kai a sama, kamar an haife ta a filin. Ba a yi minti biyar ba ta ja birki ta ƙame. Ƙafar gaba ɗaya a ɗage, jela a miƙe, hanci na nuna wani ɗan kurmin ciyawa, jikinta na ɗan rawa amma ba ta motsa ba. Na ga Doña Ottilia ta sa hannu a baki. Alƙalai uku suka sunkuya suna rubutu.

Evaristo ya juya ya fuskanci jama'a. "Abin da kuke gani yanzu, 'yan'uwa, aikin wata shida ne, mataki shida. Mataki na farko..."

Makwarwa ta tashi fir. Don Aquilino ya ɗaga hannu, mai harbi ya saki harsashi marar dalma sama, ɗaya, biyu.

Tula ta manta da makwarwa. Ta juyo da gudu, ta wuce Evaristo, ta wuce alƙalai, ta zauna a gaban mai harbi ta ɗora masa ƙafa a gwiwa.

"Me take so?" in ji mutumin.

"Faranti biyu," in ji Rosendo daga cikin jama'a. "Sau biyu ka harba."

Don Aquilino ya ce, "Tsoro dai babu. Kira karyarka, señor, mu ci gaba."

Evaristo ya buɗe baki ke nan sai bindigar ɗaya rukunin ta tashi a hayin tafki. Tula ta dubi mai harbinmu, ta ga hannunsa wayam, ta yanke shawara. Hanya mafi kusa ta cikin ruwa ce, ta faɗa tsulum, muna hango gemunta yana tsaga tafki har ta fita can. Ta ratsa ta tsakanin ƙafafun wani kare da ke tsakiyar aikinsa, ta zauna a gaban mai harbinsu.

"Tula, zo nan. Tula." Evaristo ya bi bakin tafki da gudu, hula a hannu.

Alƙali mai hular ulu ya ce a sake harba tamu, wataƙila ta dawo. Aka harba. Ta dawo, ta cikin ruwa. Evaristo da ya kai rabin zagaye ya juyo. Waɗancan da ba su san abin da ake ciki ba suka ci gaba da nasu gwajin, suka harba. Ta koma. Sau huɗu ta ƙetare tafkin nan. A na huɗun Evaristo ya gaji da zagaye ya ce zai tare ta a tsakiya, ya shiga ruwa da takalmansa, laka ta riƙe shi iya ƙugu. Tula ta iyo ta gefensa ta wuce, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Sashen ruwa kuma sai mu ce an gama," in ji mai gashin baki.

"Ba mu muka sa ta ba," in ji mai hular ulu.

"Sau biyu doka ta ce. Ta yi huɗu."

Suna wannan gardama mai gashin nama, wanda bai san komai ba, ya ga nama ya yi, ya ɗauki guduma ya buga ƙarfen da ake kiran ma'aikata cin abinci. A karo na farko tun jiya, Tula ta ji ƙarar da ke da gaskiya a bayanta. Kafin mu isa rumfar ta gama da abin da ta gama da shi. Da Don Aquilino ya zo duba haƙoranta, kamar yadda ake yi wa kowane kare a ƙarshe, sai da ya yi minti biyu yana ja-in-ja da ita kan ƙashin haƙarƙari kafin ya ga baki.

Bayan an ci abin da ya rage, ya miƙe ya karanta sakamako. Hanci, cikakken maki. Ƙamewa, cikakke. Ruwa, cikakke, bayan muhawara. Tsoron bindiga, babu ko ɗigo. Aiki tare da mai ita, sifili. Ba ta ci gwaji ba.

"Karyar ba ta da laifi," ya ƙara da cewa. "Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa ganin an ɓata kare da himma irin wannan ba."

Mutane suka yi dariya har suka gaji. Sai dariyar ta fara mutuwa, don an ga Doña Ottilia ta taso da igiya a hannu. Evaristo na zaune a kan benci, an lulluɓa masa bargon doki, Tula ta ɗora kai a kan takalminsa mai laka tana barcin ƙoshi.

"Ka san sharaɗi," ta ce.

"Na sani, Doña." Muryarsa ta yi ƙasa, ban taɓa jin ta haka ba. Ya sunkuya ya fara kwance abin wuyan karyar. "Ba ta son a rufe ta ita kaɗai. Kuma in mota na tafiya, tagar dama take so."

Na matsa kusa na ce, "Ottilia, na ji an ce akwai wani gwajin a watan Afrilu, kuma shekarunta za su ba ta damar shiga."

"Da kyar. Kuma gyaranta ba wuya, Maestro, wata biyu a filina ta manta da wannan shirmen. Shi ne ba ya gyaruwa. In na ce ya riƙa kawo ta kullum da safe ya bi bayanta bakinsa a rufe, zai iya?"

"Zan iya, Doña. Ai ni in ana maganar..."

"Ka gani?" Ta dube shi, ta dubi a-kori-kurarsa da ke can bakin ƙofar gona, taku kamar ɗari biyu. "To ga naka gwajin. Ka tashi ka ja ta daga nan zuwa motarka. In kalma ɗaya ta fita daga bakinka kafin ka taɓa ƙofa, ka bar mini ita a nan."

Kafin ya miƙe jama'a sun jeru hagu da dama, sun bar masa hanya a tsakiya. Ya ja bargonsa, ya riƙe igiya, ya fara tafiya, takalmansa na fitar da ruwa.

"Shekara talatin ina jiran ranar nan," in ji Doña Pola. "Doña Ottilia, ba za a matsar da motar gaba kaɗan ba?"

Evaristo ya haɗiye amsarsa.

"Jama'a, ƙamewar nan da kuka gani ni na koya mata," in ji Rosendo. "A maƙerata. Shi bai ma san an yi ba."

Wuyan Evaristo ya kumbura. Ya ci gaba.

"Don Evaristo," in ji mai gashin nama, "famfon da ka gyara mana bara, mai gona ya ce in tambaye ka, da ma haka ake yi ya riƙa juyawa da baya?"

Fuskarsa ta yi ja kamar garwashin gashin. Ya cije gefen bargo. Ya wuce rabi, ya wuce kashi uku cikin huɗu. Saura taku goma sai wani baƙo ya fito daga bayan motoci, mutumin birni ne da ya iso a makare, bai san wasan da ake yi ba. Da ɗan littafi a hannunsa da alƙalami, ya cire hula da ladabi.

"Señor, an ce kai ne mai karyar da ba ta tsoron bindiga. Ina da kare da ko tafi aka yi sai ya shige ƙarƙashin gado, kowa ya kasa. Don Allah ka gaya mini yadda ka yi, daga farko, zan rubuta."

Evaristo ya tsaya cak. Ƙafarsa ɗaya da ya ɗaga don takawa ta tsaya a sama. Wuyansa ya miƙe, hancinsa ya nufi littafin nan, duk jikinsa na rawa, bakinsa a ɗan buɗe. Babu wanda ya yi tari. Ban san tsawon lokacin ba, amma na ji kukan tsuntsu daga hayin tafki har sau uku. Sai ya dubi Tula, ya rufe baki, ya sauke ƙafar, ya ratse baƙon, ya kai hannu ya dafa ƙofar mota.

Don Aquilino ya zaro alƙalaminsa. "Wannan ita ce ƙamewa mafi kyau da na gani yau," ya ce, ko murmushi babu. "Cikakken maki."

"Litinin, ƙarfe bakwai," in ji Doña Ottilia, ta naɗe igiyarta ta sa a aljihu.

Doña Pola ta ce ita motar su Rosendo za ta bi, tana so ta ɗan ƙara jin daɗin abin. Ni na shiga tare da shi, Tula a tagar dama, ni a matse a tsakiya. Muka fita daga gonar, muka hau hanya, bai ce komai ba har muka wuce bishiyoyin farko. Har na fara damuwa. Sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Maestro, ka ga shirun nan da na yi? A duk lardin Entre Ríos babu wanda ya iya shiru kamata. Mutane na ɗauka rufe baki ne kawai. Matakai gare shi. Bari in bayyana maka."

Ya bayyana mini har gida.